Wayoyin Gaban Kwamfuta da Kunyar Inna

Ko tsufa zai kwashe mini duk abin da na sani, ina jin ranar da na durƙusa a gaban buɗaɗɗiyar kwamfuta ina lalubar wasu siraran wayoyi saboda mahaifiyata, ita ce za ta rage mini. Ba zan taɓa mantawa da ita ba. Aikin kansa bai taka kara ya karya ba, duk mai gyaran da ke Funtuwa zai gama shi yana hira da maƙwabcinsa. Amma ni ban taɓa yin aikin da ya tsaya mini a rai kamar wannan ba.

Ni ce auta a ɗakinmu. Mu mutanen wani ƙauye ne kusa da Mairuwa, aure ne ya kawo ni Faskari bayan na gama koyon kwamfuta a Funtuwa. Maigidana malamin firamare ne, shi ya fasa wa ɗakin da ke jikin zaurenmu ƙofa ta waje ya zama shago, nake buga wa mutane takardu. Kwamfutar 'yar gwanjo ce, kuma haɗe-haɗe ce: akwatin daban, madabod ɗin daban, wato babban allon nan na ciki da komai yake hawa kansa. A gaban akwatin akwai 'yan ramuka biyu, kore na abin sawa a kunne, ruwan hoda na makirfo, amma tun da aka kawo ta ba su taɓa aiki ba. Na baya kuwa, ramin makirfo ya daɗe da mutuwa, na sauti kuma ya yi sako-sako, wayar lasifika na ta zamewa. Wata rana na je unguwa, maigidan ya ga zai taimake ni, ya ɗiga mata sufa gulu. Da na dawo ya tarbe ni yana murmushi ya ce, "Na yi maki maganinta, ta zauna ke nan har abada." Gaskiya ya faɗa. Lasifikar kuma irin ta akwatin katako ce da wani mai gyaran rediyo ya haɗa, ba ta san tsaka-tsaki ba, ko ta yi gum ko ta tara unguwa.

Yayanmu, ɗan farin Inna, yana Indiya a lokacin yana karatun haɗa magunguna. Wanda bai tashi a irin gidajenmu ba zai yi wuya ya gane yadda Inna take da shi. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta ambaci sunansa ba. "Wancan" take ce masa, in ta yi masa karamci ta ce "babbanku". Kakarmu ce ta yaye shi ta riƙe shi, in ya shigo gaida Inna sai ta amsa tana kallon murhu. Ranar da zai tafi, gida ya cika da masu sallama, ita tana bayan ɗaki tana tankaɗe kamar ba a yi komai ba. Amma ni ta kira ta damƙa wa ƙullin kuka da daddawa da yaji ta ce, "Ki jefa a jakar wancan, kar ki ce ni na ba ki." Ni kuwa da nake auta, har kan cinyarta nake kwanciya da aurena.

Sai ga labari ya zo cewa ciwon ciki ya kama shi, an yi masa aiki. Abokansa suka kira Baba suka ce an yi nasara. Bayan ya farfaɗo shi ma ya kira, Baba ya buɗe muryar wayar a tsakar gida don kowa ya ji. Muryar ta fito a shaƙe, a hankali, irin ta wanda bai daɗe da tashi daga allurar barci ba. Inna tana bakin ƙofar ɗakinta, aka miƙa mata wayar ta kawar da kai, kamar yadda ta saba. Da aka watse ta ce wa yayata mace, "Wannan ba muryarshi ba ce. Wani suka sa."

Kada ku ga laifinta. A wajenmu ba a faɗin mutuwa gatsau. Ita kanta Inna ta sha shiga gidan mutane ta ce wa uwa, "Jikin nashi ya ɗan matsa, ki zo mu je," alhali an riga an ɗora ruwan wanka. Wanda ya san hanyar da ake bi a ɓoye wa mutum abu, ba ka isa ka bi da shi ta nan ba. Duk wanda ya ce mata yana samun sauƙi sai ta ce, "To, madalla," ta ƙara tabbatarwa a ranta cewa lallashinta ake yi. Ga shi kunya ba za ta bar ta ta tambaya ba, ba za ta bar ta ta yi kuka a gani ba. Sai ta bar shiga mutane, ta bar kitso, abinci sai ta taɓa ta ture. Da na je na gan ta, zanen da take ɗaurawa ya kusa zagaya ta sau biyu, na ji tsoro ƙwarai.

Lokacin wayoyin shafawa ba su yawaita ba, amma ni ina da modem, wanda muka ɗaure a kan doguwar gora a bayan shago don ya kamo sabis. Ina kuma da 'yar kyamara mai ɗaukar hoto da murya, da hedifon na sawa a kunne mai makirfo a jiki, Yaya ne ya aiko mini da su ta hannun wani abokinsa. Hedifon ɗin yana cikin ledarsa, tun da babu ramin da zan sa shi. Na ce wa Baba a kawo mini Inna ta kwana biyu, ta gan shi da idonta.

Aka kawo ta a kan babur. Kafin hantsi labari ya zaga cewa za a ga mutum daga Indiya a shagon matar malam. Kawunmu ya zo, matan maƙwabta suka shigo ta cikin gida, telan da ke kusa da mu ya bar kekensa ya leƙo ta taga. Na zaunar da Inna a kujera, na danna kira. Hoton ya yi ta tsinkewa, can sai ga fuskar Yaya. Yana hango ta ya ce, "Inna!" Lasifikar nan ta ɗauki kalmar ta maka ta har bakin titi.

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, ta miƙe ta shige cikin gida. Ko ɗaga ido ba ta yi ba. Matan suka kwashe da dariya suna cewa, "Kai, Inna akwai kunya, irin ta mutanen da!" Kawu ya gyara zama ya karɓe hirar. Kowa ya ga Yaya ya ji daɗi, ban da wadda aka yi abin dominta.

Na bi ta ciki raina a ɓace. Na ce, "Inna, ai kin ji shi dai."

Ta ce, "Rediyo ma shina magana. Ni ban ga komi ba. Gobe in an yi azahar a maida ni, awakina ba mai duba su."

Na juya na shiga hura wuta. Ta ɗauko faifai ta zauna kusa da ni tana tsintar wake. Sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Shin abin nan naki, dole sai kowa ya ji?"

A bakin Inna wannan ba ƙaramar magana ba ce, roƙo ne ta yi da iyakar ƙarfinta. Na ce, "A'a Inna, ba dole ba ne." Na faɗa ne kawai, ban san ko zan iya ba.

Bayan la'asar na rufe shago na kira wani da muka yi karatu tare, yana gyara a Funtuwa. Ya ce in kawo masa jibi, yana hanyar Ƙanƙara wajen biki. Jibi kuma Inna tana gida tare da awakinta. Don haka na kwantar da akwatin, na haska tocila na karanto lambar madabod ɗin, na tayar da kwamfutar na nemi zanensa a intanet. Hoton ya riƙa buɗewa layi-layi, har na idar da jan carbi bai gama ba. Da ya fito na kwafe shi da biro a bayan hannuna na hagu, don in riƙa gani ina aiki. Sannan na kashe komai, na zare wayar wuta, na cire awarwaro da zobe, na taɓa ƙarfen taga kamar yadda aka koya mana, na yi bisimilla.

Wayoyin ramukan gaba suna nan a ciki, an naɗe su an ɗaure da roba, ba wanda ya taɓa kula su. Da ma a ce irin na yanzu ne masu kai guda, da ka danna sau ɗaya an wuce wurin. Waɗannan tsofaffin yayi ne, kowace waya da ɗan kanta daban, an rubuta aikinta a jiki da baƙaƙen da sai ka kanne ido. Wurin da za su hau kuma wasu 'yan allurai ne a tsaye, layi biyu, a can kusurwar allon, ɗaya daga ciki babu ita, an bar giɓi. Giɓin nan shi ne alama. Kusa da su akwai wasu allurai kamarsu sak, na ramin filashi, sai dai su giɓinsu a ƙarshen layi yake, na sauti kuwa akwai allura ɗaya bayan giɓin. Malaminmu ya sha gaya mana cewa waɗancan akwai wuta a jikinsu, wanda ya yi gaggawa ya haɗa su da na sauti zai iya shan ƙauri. Na ƙirga, na sake ƙirgawa, har maigidan da ke riƙe mini tocila ya ce, "Ko ƙaruwa suke yi?"

A kan alluran akwai wasu 'yan huluna biyu na roba, kowace ba ta fi ƙwayar shinkafa ba. Sai da na gane aikinsu hankalina ya ɗan kwanta. Abin kamar ban ruwa ne a lambu. Sauti yana fitowa daga allon, ya kamata ya bi waya ya je ramin gaba. In bai tarar da komai a ramin ba, sai ya biyo wata wayar ya dawo ya wuce baya wajen lasifika. In kuwa an soka hedifon, hanyar dawowa ta toshe, sautin ya tsaya a kunnen mai shi. Hulunan nan su ne suka yanke masa hanya, yana fitowa suke juya shi baya. Ke nan sai na cire su, kuma in na cire ban haɗa daidai ba, gobe babu na gaba babu na baya.

Na sa ɗan hantsakin cire ƙaya na zare su. Ɗaya ta yi tsalle ta faɗa ƙasa, muka neme ta muka rasa. Maigidan ya duƙa yana haska ƙarƙashin tebur, na ce masa, "Bar ta, malam. Yanzu kam ba komawa baya."

Na fara da ta makirfo, sai wadda masu gyara ke kira ta ƙasa, sai wadda ke ba makirfo ɗin wuta. Yatsuna sun yi wa wurin girma, ina sa wannan waccan na zamewa, gumi yana ɗiga daga haɓata. Sai na zo kan huɗun ƙarshe, kunnen dama da na hagu, kowane da ta tafiya da ta dawowa. Rubutun jikinsu ya koɗe, kusan iri ɗaya. Na dai yi iya ganina na jera su. A duk wannan lokaci Inna tana zaune a bakin ƙofar da ta haɗa shagon da cikin gida, waken da ta gama tsincewa tun azahar shi take sake tsincewa. Ta hango bayan hannuna ta ce, "Wannan kuma wane irin lalle ne?" Na ce, "Na 'yan birni ne, Inna."

Aka tayar da janareto. Na kunna karatun Alƙur'ani, lasifika ta ɗauka rangaɗau, na ce alhamdu lillahi, ban kashe ta ba. Na soka hedifon a ramin gaba, lasifika ta yi tsit. Na ɗora shi a kunne. Shi ma tsit.

Na zare, lasifika ta dawo. Na mayar, shiru ko'ina. Maigidan ya ce, "To ai kin ci rabi. Kin kashe na waje, saura ki rayar da na ciki." Na harare shi, amma maganarsa ce ta sa na tsaya na yi tunani maimakon in fashe da kuka. Tun da lasifika tana yin shiru, ramin yana aiki ke nan, kuma wayoyin suna kan alluran da suka dace. Abin da ya rage shi ne na juya su, na sa ta dawowa a wurin ta tafiya. Sautin yana shiga ramin ta mafita, da an toshe sai ya tsaya a waje. Na kashe, na zare wuta, na sauya su biyu-biyu, ana kiran magariba ina ɗaura murfi.

Da na sake sokawa, sai ga muryar mai karatu a tsakiyar kaina, tas, ɗakin kuma shiru. Na yi wata 'yar ƙara har Inna ta zubar da wake. Muka gwada makirfo: na tura maigidan bakin taga, na yi raɗa na naɗa, na ce masa me ya ji. Ya ce bai ji komai ba. Na sa masa a kunne, ya ji muryata tana cewa, "Mai sufa gulu, Allah ya shirye ka." Ya ce zai rama.

Washegari ban gaya wa kowa ba. Na bar ƙofar waje a kulle, na saki labulen taga. Maigidan ya kwashe yara ya fita da su bayan shago, wai zai riƙe gorar modem kar iska ta juya ta. Na zaunar da Inna, na ɗaga mayafinta na ɗora mata hedifon a kan kallabi, na karkato makirfo ɗin daidai bakinta, na mayar da mayafin na rufe. Wanda ya shigo ba zai ma san akwai wani abu a kanta ba.

Na ce, "Inna, duk abin da za shi ce, ke kaɗai za ki ji. Ke kuma ko raɗa kika yi, shina jin ki."

Ta ce, "Ke ba ki ji?"

Na ce, "Ko kaɗan."

Ta ce, "Tela fa?"

Na ce, "Tela sai dai ya ji kekenshi."

Na riga na aika wa Yaya saƙo cewa ya yi magana a hankali, kuma kada ya jira amsa. Da fuskarsa ta fito, ban tsaya gaisawa ba. Ba zan iya barin wurin gaba ɗaya ba don kiran yakan yanke, sai na koma bakin ƙofar cikin gida na zauna na ba su baya, na ɗauki faifan waken nan nata.

Ba abin da nake ji sai ƙugin janareto. Har na fara tunanin ko ta runtse ido ne, ko sabis ya ɗauke. Ina shirin waiwayawa sai na ji muryarta ƙasa-ƙasa, irin wadda take yi mini in ina zazzaɓi.

"Ɗaga rigar in gani."

Hawaye suka zubo mini a cikin waken. Ban motsa ba. Can na ji ta ce, "Suna ba ka abinci?" Daga nan ta ƙara sassauta murya, ban sake tsintar komai ba, ban kuma yi ƙoƙarin tsinta ba. Sau ɗaya dai na ji ta yi 'yar dariya ta toshe baki. Farin cikin da na ji a bakin ƙofar nan, ko ranar da na haifi ɗana na fari ban ji wanda ya fi shi ba.

Da suka gama ta yi gyaran murya, na zo na cire mata. Ta gyara ɗaurin kallabi, ta share fuska da gefen mayafi kamar zufa ce, ta ce, "Wancan ya rame. In kun yi magana ki ce mashi ya riƙa cin abinci." Mutumin da ta gama magana da shi yanzun nan, ni ake ba saƙonsa! Na danne dariya na ce, "To Inna, zan hwaɗa mashi." Ta ce in dama mata fura, kuma in kira mai kitso kafin azahar, ba za ta koma gida da kai haka ba.

Daga ranar, har Yaya ya gama karatu ya dawo, Inna ta tsiro da zuwa cin kasuwar Faskari, ita da ba ta damu da kasuwa ba. Takan biyo ta gidana "ta sha ruwa", ni kuma in kulle shago in saki labule, ba wadda ta taɓa ce wa 'yar'uwarta komai. Da ya dawo kuwa, ya shigo gaishe ta, ta amsa tana kallon murhu kamar kullum. Na taɓa tsare shi na ce ya gaya mini abin da suke cewa. Ya ce, "Auta, da ana so ki ji, da ba ki sha wahalar haɗa wayoyin nan ba."

Da ina ganin kunyar su Inna wani ƙulli ne da ya kamata mu 'yan boko mu kwance musu. Ranar na gane ba haka ba ne. Maganar tana nan cike da bakinta shekara da shekaru, wurin faɗinta ne ba ta samu ba, mu kuma muna ta tara mata jama'a. In kana ƙaunar mutum irin wannan, kada ka ja shi tsakar gida ka ce sai ya faɗa kowa ya ji. Ka gyara masa inda zai yi magana, ka saki labule, sannan ka juya baya.